Yadda Za Ka Gyara Motarka da Kanka da Taimakon Bidiyon Koyarwa na Intanet

Duk wanda ya riƙe mota a Zariya ya san faɗuwar gaban da ake ji idan ’yar fitilar nan mai siffar inji ta kama a gaban sitiyari, musamman idan wata ya yi nisa, ga kuɗin mai, ga kuɗin makarantar yara. A irin wannan hali ne da yawa daga cikinmu muka fara buɗe YouTube muna neman wanda zai nuna mana abin da ke damun motar. Akwai ayyuka da dama da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa ba tare da ya taka gareji ba, kamar canza baƙin mai da matatar iska da fulogi da fiyus da ƙwan fitila da batir. Sai dai mai bidiyon yana aiki ne a kan tasa motar a Amurka ko Ingila, bai taɓa ganin taka ba, saboda haka mafi yawan aikin ana yin sa ne tun kafin a ɗauki sifana, wato wajen tabbatar da cewa abin da ake kallo a waya shi ne abin da ke ƙarƙashin bonet.

Ka fara da sanin motarka da sunanta na gaskiya, domin laƙabin da dillalai suka sa wa motoci ba ya fitar da komai a wurin bincike, kuma shekarar da aka faɗa maka ranar ciniki ba lallai ba ne ta zama daidai. Ka duba lambar jikin mota, wadda ake kira VIN, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin takardar da aka manna a bakin ƙofarsa. Haruffa ne da lambobi guda 17. Na farkonsu yana nuna ƙasar da aka ƙera motar, inda J ke nufin Japan, W ke nufin Jamus, 2 kuma Kanada. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar samfurin, ta yadda 1 zuwa 9 ke nufin 2001 zuwa 2009, harafin A kuma 2010.

Wannan ma bai wadatar ba a nan ƙasar, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Motoci da yawa ’yan Kwatano, da waɗanda suka zaga hannu biyu ko uku a gida, an taɓa sauke musu inji an ɗora wani, ta yadda takarda za ta faɗi abu ɗaya, ƙarfen kuma ya faɗi wani. Lambar injin tana nan a buge a jikin ƙarfensa, kuma duk bakaniken da ya san aikinsa zai nuna maka ita cikin minti ɗaya. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta Amurka, alal misali, yawanci injin 1ZZ-FE ne mai lita 1.8, Camry ta wancan zamanin mai silinda huɗu kuma 2AZ-FE mai lita 2.4. Wannan lambar ita za ka rubuta a wurin bincike tare da sunan motar da shekararta.

Idan bidiyoyin sun fito, kada ka tsaya a kan na farko. Ka kalli biyu ko uku na mutane daban-daban tun daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa komai, ka riƙe abin da suka haɗu a kansa, ka yi shakkar abin da mutum ɗaya kawai ya yi. Ni na fi amincewa da wanda ke faɗin girman kowane noti, yake kai kyamara har cikin lungun da hannu ke shan wahalar shiga, yake kuma nuna yadda ake mayar da kayan, domin kwancewa kowa ya iya, mayarwa ce ke raba mutum da barci. Wanda ya gama aikin awa biyu a cikin minti uku da kiɗa a bayansa ya yanke ainihin wuraren da za ka maƙale. Idan Turancin mai bidiyon ya yi maka sauri, akwai wurin rage gudun bidiyo zuwa 0.75 ko 0.5, akwai kuma na kunna rubutun abin da yake faɗa. Ka sauke bidiyon a waya tun da dare idan manhajar ta ba da dama, don kada data ko sabis su yanke maka hannunka na cikin baƙin mai.

Ka kuma lura da ƙasar da aka ɗauki bidiyon. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka sitiyarinmu a hagu yake, alhali motocin Ingila da Japan da Indiya nasu a dama yake, kuma abubuwa irin su tukunyar man birki suna bin ɓangaren direba. Masu Peugeot 406, wadda aka daɗe ana haɗa ta a Kaduna, su ne suka fi cin karo da wannan, domin bidiyoyinta da yawa daga Ingila suke, wasu ma a kan injin dizal. Ba’amurke kuma idan ya ce mil 5,000 to kilomita 8,000 yake nufi, ma’auninsa na mai kuma bai cika lita ɗaya ba.

Kafin ka sayi komai, ka tambayi motar abin da ke damun ta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD2. Akwai ’yar na’ura da ake soka wa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth, ta karanto lambar matsalar da kwamfutar motar ta ajiye. P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda fiye da ɗaya, P0301 na nufin silinda ta farko ce, P0171 kuma na nufin iska ta rinjayi mai. Lambar tana nuna inda kwamfutar ta ga ciwo ne kawai, ba ta faɗin abin da za a saya. Na koyi wannan da kuɗina, domin lokacin da Corolla ɗina ta fara karkarwa a cunkoson Kwangila ta fitar da P0301, bidiyo ɗaya na kalla, na garzaya Sabon Gari na sayo fulogi huɗu na ɗaura, washegari karkarwar ta dawo yadda take.

Abin da ya kamata in yi tun farko ba ya cin ko kwabo. A irin wannan injin kowane fulogi yana da nasa kwayil a kansa, wato abin da ke ba shi wuta, noti ɗaya mai lamba 10 ne ke riƙe da shi. Ka bari inji ya huce sarai, ka cire murfin robar da ke samansa, ka danna ɗan harshen soket ɗin waya ka zare a hankali, domin robar da ta sha zafin shekaru ashirin tana karyewa kamar busasshen kara. Silinda ta farko ita ce wadda ta fi kusa da ɓangaren fanbel. Ka ciro kwayil ɗinta ka musanya shi da na ta biyu, ka goge lambar da na’urar, ka ɗan zaga da motar. Idan lambar ta koma P0302, ciwon ya bi kwayil, shi kaɗai za ka saya. Idan ta tsaya a P0301, sai ka musanya fulogin ta wannan hanya, kuma idan har yanzu ba ta motsa ba, maganar ta wuce ta ƙofar gida.

Wajen fulogin akwai abin da bidiyoyin ƙasashen waje ba sa nanatawa yadda ya kamace mu. Ƙurar hunturu tana taruwa a ramin da fulogin ke zaune, saboda haka ka hure ta ko ka goge kafin ka kwance, in ba haka ba yashi ya zube kai tsaye cikin silinda. Wajen ɗaura sabon kuma ka fara murɗa shi da yatsunka ta jikin soket ɗin kwance fulogi, ba da hannun sifana ba. Idan ya tafi sumul zagaye da yawa, ya hau daidai. Idan ya cije tun a zagaye na farko, ka dawo da shi baya ka sake, domin kan injin na alminiyam ne, kuma wanda ya tilasta shi ya cinye zaren ramin ya sayo wa kansa aikin da ya ninka kuɗin fulogin sau da yawa.

Kayan aikin ba su da yawa. Motocin Japan galibi noti masu lamba 10 da 12 da 14 da 17 ne, don haka saitin soket ɗaya, da sukudireba biyu, da filaya, da tocila, da ’yar mitar gwada wuta sun isa mafari. Mitar za ta nuna kusan volt 12.6 a cikakken batir idan mota na kashe, ta haura wajen 14 idan inji na aiki, kuma idan ba ta haura ba, zargin ya koma kan altaneta, mai yi wa batir caji. Duk lokacin da za ka cire batir, ka fara da kan da ke da alamar ragewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Wajen sayen kaya ka tafi da tsohon a hannunka, ko a Sabon Gari ne ko ka kai Panteka a Kaduna, ka jera su biyu ka kwatanta lambar da ke jikinsu. Araha ba ta ado, kuma jabun fulogi da jabun matatar mai suna nan cikin kwali mai kyau.

Canza baƙin mai shi ne aikin da zai sa ka shiga ƙarƙashin mota, kuma nan babu wasa. Jak ɗin da ke cikin but na canza taya ne, ba a kwanciya ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. Ka nemi daɓen siminti mai shimfiɗa, ba rairayin ƙofar gida ba, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin baya, ka tokare motar da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin hakan. Bulo na iya farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Ka tuɓe babbar riga ka naɗe hannun ta ciki, domin fankar lagireto tana iya tashi da kanta, kuma kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Idan ka kwance tsohuwar matatar mai, ka duba bakinta ka tabbatar zoben robarta ya fito tare da ita, domin idan ya manne a jikin inji ka ɗaura sabuwa a kansa, man zai tsiyaye cikin ’yan mintuna. Kaurin man da ya dace, kamar 5W-30, yana rubuce a kan murfi ko a littafin motar, tsohon man kuma ka zuba a galan ka kai gareji, kada ya shiga kwata.

Akwai ayyukan da ko bidiyon ya yi kyau nake barin su ga masu sana’ar, wato bututun man birki, da jakar iskar sitiyari, da gas ɗin na’urar sanyaya mota, da cikin giya, da bel ko sarƙar da ke daidaita bugun inji, wadda kuskuren haƙori ɗaya a kanta kan hana mota tafiya daidai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A nan ma kallon bai tafi a banza ba, domin wanda ya isa gareji ya ce, “Malam, ta ba ni P0301, na musanya kwayil da fulogi amma lambar ba ta motsa ba,” ya rage wa bakanike lalube, ya kuma rage wa kansa sayen abin da bai lalace ba.

Idan ka gama kowane aiki, ka ƙirga notin da ka zuba a faranti ka tabbatar babu saura, ka kwatanta injin da hoton da ka ɗauka da waya kafin ka fara kwancewa, sannan ka tada motar a fili, ba a rufaffen gareji ba, saboda hayaƙinta yana kisa. Ka bar ta ta yi zafi, ka tafi daga Samaru zuwa Kwangila ka dawo, ka ajiye ta a busasshen wuri ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka sake zaro sandar gwada mai. Daga nan ka rubuta kwanan wata da kilomitar da ke kan mita a ɗan littafi, ka ajiye shi tare da takardun motar.