Kask mai kashe ƙara: inda zai yi maka rana a Yamai da inda ya kamata ka cire shi

Ɗan'uwa da ka sauka Yamai kwanan nan, ko daga Sakkwato ka fito ko Katsina ko Kano, karatu ya kawo ka ko fatauci, sannu da hanya. Abin da muke kira iyafis a gida, in ka shiga Babbar Kasuwa ka ambace shi haka, mai shago zai tsaya yana kallonka. A nan ƙananan da ake cusawa cikin kunne ekuter ne, babban mai rufe kunnuwa gaba ɗaya kuma kask. Na ga sababbin zuwa da yawa sun zuba kuɗi sun sayi mai kashe ƙara, wasu sun ci moriyarsa, wasu kuma ya raba su da garin da suka zo zama a cikinsa.

Ba toshe kunne kawai yake yi ba. Ƙara ba komai ba ce illa iska da ake turawa ana janyewa da sauri har ta kaɗa dodon kunne. Kask ɗin yana da 'yan ƙananan makirufo da ke sauraron abin da ke zuwa daga waje, sai ya fitar da wani sauti kishiyarsa: inda ƙarar ta tura, shi ya janye, inda ta janye, shi ya tura. Su biyun su haɗu su cinye juna kafin su isa ciki. Dabarar tsohuwa ce, wani Bajamushe, Paul Lueg, ya samu rajistarta a Amurka tun 1936. A 1978 kuma Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana cikin jirgi daga Turai zuwa Boston, rugugin inji ya hana shi jin abin da yake saurare, sai ya ɗauki takarda ya fara lissafi tun kafin a sauka. Matuƙa jirgin sama aka fara yi wa, daga baya ya iso hannun irinmu.

In ka riƙe wannan asali, ka gane iyakarsa. Don injin jirgi aka ƙera shi, saboda haka gwaninta tasa tana kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa: gunjin babbar mota a kan kwalta, panka, na'urar sanyaya ɗaki, janareton maƙwabci, wanda a nan za ka ji ana ce masa gurup. Amma hon ɗin taksi, kukan jariri, muryar mai tallan kilishi, waɗannan suna zuwa ba sallama kuma siraru ne, na'urar ba ta cika cim musu ba. Abin da ke rage su shi ne katifar da ta rufe kunnen, ko robar ekuter in ta zauna daidai. Wanda ya saya don kada ya ji surutun mutane, ya yi asarar rabin kuɗinsa.

A hanya ake ganin amfaninsa. Daga Yamai zuwa Tahoua kusan kilomita 550 ne: Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sannan a Tsarnawa a karkata arewa a bi ta Badagishiri. Motocin da asuba suke tashi, kuma yini guda kana zaune injin na gunji a ƙarƙashinka. Da na fara bin hanyar nan nakan sauka kaina na sarawa, na ɗauka rana ce. Ashe har da ƙarar, da kuma yadda nake ƙure sautin waya don in rinjaye ta. Nan ne haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, awa 4 kacal ke gare shi. Ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin sautin na'ura. Da mai kashe ƙara ba ka buƙatar ƙurewa, tunda abin da kake kokawa da shi ya kwanta. Ni yanzu sau da yawa ba na kunna komai, shirun kawai nake sha, in yi barcina.

Sai dai barcin nan ya taɓa ja mini kunya. An tsaya a wani shinge, an karɓi katunan shaida, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na mayar da kask na lumshe ido. Sai wani dattijo da ke gefena ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, sau uku ke nan ana kiranka, mota duka kai take jira." Na ce, "Baba, a yi mini afuwa." Ya ce, "Ni ba ka yi mini komai ba, je ka ba mai kaki haƙuri." Tun ranar, da na ji direba ya rage gudu, sai in sauke shi wuya. Baƙo mai takardun wata ƙasa shi ya fi kowa buƙatar kunnensa a shinge, kuma tsayawa gaban jandarma da abu a kunne raini ne, ko ba ka nufa ba.

A jirgi ba sai na yi dogon bayani ba, gidansa ne. In za ka tashi daga filin Diori Hamani, ka sa wayar kask ɗin a jaka, don talabijin ɗin bayan kujera galibi da waya ake jona shi. Kuma ba ya maganin toshewar kunne lokacin sauka, wannan sai haɗiyar yawu ko tauna cingam.

Cikin gari kuwa, ra'ayina shi ne ka bar shi a jaka. Yamai da kunne ake koyonta. Taksi a nan na haɗaka ne: direba ya rage gudu, ka faɗi unguwar da za ka, ya ce shiga ko ya wuce. Ɗan kabu-kabu yana fitowa ta inda ba ka zata ba. A kasuwannin Katako da Wadata masu amalanke da baki suke neman hanya. Ga lissafin kuɗi: dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa 1,000, in mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, kuma ba a makaranta za ka koyi wannan ba, sai ka ji ana ciniki a gefenka. Haka Zabarmanci da Faransanci. Gaisuwar Zabarmanci irin "fofo" da "mate ni go" a bakin shago na tsince su. Ɗalibin da ke tsallaka gadar Kennedy kullum zuwa jami'ar Abdou Moumouni da kunnuwa a rufe, zai shekara bai iya gaida mai gadi da harshensa ba.

Akwai kuma fada, wato majalisar shayi ta ƙofar gida. In ka wuce ba ka amsa sallama ba, ba wanda zai ce na'ura ce, cewa za a yi baƙon nan yana da girman kai. Kask masu tsada suna da maɓallin da ke shigo da sautin waje, amma mutanen da ke kan tabarma ba su san ka danna ba. Abin da ido ya gani shi ne an rufe kunne. Cire shi, ka gaisa.

Wajen saye, duba kwali da kyau. ANC shi ne mai kashe maka ƙara. ENC kuwa muryarka yake tacewa don wanda kake waya da shi, kai ba abin da zai rage maka, kuma da wannan harafi ɗaya ake cin kuɗin mutane. Jabu ma sun cika kasuwa, da sunan Sony ko Bose ko Apple a jiki. Kada ka yarda da rubutu: sa shi a kunne a cikin shagon, kada ka kunna komai, ka tsaya kusa da panka ko gurup ka danna maɓallin. In gunjin bai faɗi nan take ba, ajiye. Wanda aljihunsa bai kai ba, Soundcore da Oraimo suna da masu ANC da sauƙin kuɗi. Wasu mutane sukan ji kamar an danne musu kunne ko ɗan jiri, shi ya sa gwaji ya fi jin labari.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu Yamai na wuce digiri 40, babban kask ya zama tanda, katifarsa ta jiƙe da gumi ta fara ɓarewa. A lokacin ekuter ya fi daɗi, ko da yake cajinsa awoyi kaɗan ne, babban kuwa wani yana kai awa 30. Batirin ba ya shiri da rana, kada ka bar shi cikin mota a rufe. Da hunturu ƙura kan toshe ramukan makirufo, sai ka ga aikin ya ragu, ka riƙa gogewa da busasshen ƙyalle kana mayar da shi gidansa. In tafiyar asuba gare ka, yi caji tun da rana, don wuta na iya ɗaukewa da dare, kuma ka sa ƙararrawar waya a fili, ba cikin kask ba, kada mota ta tashi ta bar ka a tasha.