Yadda nake lallaɓa tsohon injin wanki mai tukunya biyu

Injin wankina na gada ne daga Gwaggo, irin mai tukunya biyu ɗin nan, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa. Sunan kamfanin ma ya goge. Shekara takwas ke nan ina fama da shi, kuma sau biyu kacal na kira mai gyara, don yawancin ciwonsa da kunne ake ganewa.

Kafin komai, a cire filogi daga soket. Ban taɓa sa hannu a cikinsa yana jone ba, ko da an ɗauke wuta, don ba a san lokacin da za a maido ta ba.

Idan kika murɗa agogonsa kika ji yana gurnani "ummm" amma faifan da ke ƙasan tukunya bai juya ba, ki kashe maza kada kwayil ya ƙone. Ki zare sukurun da ke tsakiyar faifan ki ɗago shi. Abin da na taɓa tsinta a ƙarƙashinsa: fil ɗin hijabi uku, maɓallin kaftani, da zaren zani da ya nannaɗe sandar tam. Idan wurin fes yake, to ki zargi kafasita, wani ɗan gwangwani a bayan injin, yayan wanda ke cikin fankar sama. Shi ke ba injin turin farko. Alamar mutuwarsa ita ce ya kumbura, ko kuma faifan ya tashi da ƙyar idan babu kaya, da an zuba kaya ya tsaya. Yana riƙe wuta ko bayan an cire filogi, saboda haka kada ki taɓa bakin wayoyinsa da hannu. Nawa an rubuta 10 da 5 a jikinsa, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. Ki tafi da tsohon kasuwa a ba ki mai lamba iri ɗaya, kada ki yarda da "Hajiya, wannan ma zai yi".

Idan kuwa kina jin injin na gudu lafiya amma kaya na juyawa kamar mai jin barci, wani lokaci har da ƙaurin roba, bel ne ya saki. Ki buɗe marfin baya ki danna shi da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko makamancin haka, ki sassauta notin da suka riƙe ƙaramin injin da ke juya bel ɗin, ki ja shi baya kaɗan ki ɗaure. In bel ɗin ya tsattsage, sai sabo.

Tukunyar matsa ita ce mai rigima. Tana zaune ne a kan sifirin, shi ya sa in kaya suka taru gefe guda take dukan bango "gaf-gaf" har injin ya fara tafiya a tsakar gida. Wata rana sai da ya kai bakin rariya kafin na cim masa. Masu nauyi a ƙasa, irin su tawul da shadda, masu sauƙi a sama, ki danna su da tafin hannu, sannan ki ɗora faifan roban nan da mutane ke yarwa suna zaton ba shi da amfani. Shi ke hana safa tsalle ta faɗa tsakanin tukunya da bango. Akwai kuma wata 'yar waya da ta haɗa murfi da burki: in an rufe murfi burki ya saki, in an buɗe ya kama. Idan ta tsinke, burkin zai ci gaba da riƙewa, sai ki ji gurnani ki ɗauka injin ya mutu.

Zubar da ruwa kuma babu famfo a cikin irin nawa, gangare kawai yake bi. Ki kwantar da tiyo a ƙasa. In ruwa na zurarewa tun kina wanki, wani abu ne ya maƙale a bakin robar da ke toshe hanyar.

Masu sayen na gwanjo su duba takardar da ke manne a baya. Ƙarfin wutarmu volt 230 ne, na Japan 100, na Amurka 120, kuma in aka jona injinan waɗannan ƙasashe kai tsaye ba tare da taransifoma ba, nan take za su ƙone. In kika ga an rubuta National, ki san ya kwana biyu, don tun 2008 Panasonic ya ajiye wannan sunan.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. Ranar da na taɓa ruwan na ji yana ɗan ja na, ban ƙara kunna shi ba sai da mai wayarin ya zo. Ashe robar da ke ƙarƙashin tukunyar matsa ce ta fashe, ruwa na ɗiga a kan kwayil, ga shi soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Ya canza robar, ya ja waya, na kuma sa an ɗora injin a kan katako. Har yanzu da silifas ɗin roba nake tsayawa a gabansa.