Babi na 6: Lambobi Biyu a Katin Awo

Iyayena da ƙannena, kowa ta fito da katin awonta ta ɗora a cinya. Wadda ba ta da ciki ta leƙa na maƙwabciyarta.

Darasi na 1

Zubar jini, jijjiga, zazzaɓin jego da doguwar naƙuda suna cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. Da jijjiga za mu fara, domin tana aiko saƙo kafin ta iso, kuma saƙon yana katinki.

Nemi inda malamar asibiti ta rubuta BP. Awon hawan jini ke nan. A gabansa akwai lambobi biyu da ɗan layi a karkace: 120/80. Layin nan ba ɗaya ba ne, katanga ce tsakanin gida biyu. Ba a karanta shi.

Daga hagu ake farawa. Ke da kika saba da allo, idonki zai ja ki dama. Ba laifi, dawo hagu. Sa yatsa ki rufe ta dama, karanta ta hagu: ɗari da ashirin. Ɗage yatsa, rufe ta hagu: tamanin. Sake. Hagu tukuna, sannan dama. Madalla.

Idan ta hagu ta kai 140, ko ta dama ta kai 90, jini ya hau. Ko guda ce ta kai, ya isa.

Gwada 110/70. Rufe dama, karanta hagu. Lafiya lau. Gwada 130/90. Hagu ba ta kai ba, amma dama fa? Ta kai. Gwada 104/60. Ɗari da huɗu ne, ba ɗari da arba'in ba, dubi inda sifiri ya zauna.

Sati uku ina maimaita wannan a ajinmu na Birnin Kebbi, har yau akwai mai fara karatu daga dama. Haba Inna! Lissafin adashe bai taɓa ɓace miki ba. Hagu tukuna.

In jini ya hau, ga ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, kada a tsaya turare ana cewa iska ce. A tafi asibiti a ranar.

Darasi na 2

Bayan haihuwa, in jini na jiƙa zane bayan zane, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, a nemi mota. Rubuta lambar direba a bayan kati tun yau, a karɓi izinin maigida tun kafin naƙuda.

Darasi na 3

Zazzaɓi da jini mai wari a kwanakin jego: asibiti.

Darasi na 4

Naƙuda ta wuce awa 12, kada a ƙara jira. Kwafi 12 sau biyar a littafinki.