Yadda ake ɗaukar hoton ramukan wata da madubin hangen nesa

Kada ka jira daren sha huɗu. Duk wanda ya sayi madubin hangen nesa, wannan daren yake ɗoki, alhali shi ne mafi rashin amfani ga mai neman ramuka da duwatsun wata. A ranar haske yana dukan fuskar watan kai tsaye, babu inuwa, sai hoto ya fito fari fat. Manomi ya san haka: da rana tsaka gona shimfiɗe take, amma da la'asar sakaliya kowace kunya sai ta fito da inuwarta. Saboda haka ka bi lissafin watanmu na Musulunci, ka fita daga daren 6 zuwa daren 10, ka nufi layin da ya raba haske da duhu a jikin watan. Nan rana take ɓullowa a can, nan inuwa take da tsawo.

Kayan aikin ba su da yawa. Nawa madubin faɗin bakinsa milimita 70 ne, tsawon haskensa, wato nisan da yake tara haske wuri guda, milimita 900. Idan na sa gilashin ido, wato wanda ake leƙawa ta cikinsa, mai lamba 25, yana ƙara girma sau 36, wata ya shigo gaba ɗayansa. Mai lamba 10 yana kaiwa sau 90. Raba 900 da lambar gilashin kawai ake yi. Abin da aka rubuta a kwali na sau 500 kuwa, zancen 'yan kasuwa ne; ƙarin girman da ke da amfani ba ya wuce kusan ninki biyu na milimitocin faɗin bakin madubi, wato sau 140 ga irin nawa. Sai abin kafa madubin mai ƙafa uku, mai ƙarfi, da maƙalin da ke riƙe waya a bakin gilashi. Wannan maƙalin kada ka yi masa rowa, don riƙe waya da hannu wahalar banza ce.

A nan Katsina Allah ya hutar da mu wani abu: muna kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, wata yakan hau sama sosai. A daren 7 ko 8, da an idar da Magariba yana can ƙololuwa, kafin Isha'i ka gama aikinka. Matsalarmu zafi ne. Rufin kwano da dakalin siminti suna kwana suna fitar da zafin da suka sha, iskar da ke kansu tana rawa, hoto ya yi ta kaɗawa. Ni a ƙasa nake kafa nawa, tsakar gida, ba bisa bene ba, kuma nakan fitar da shi tun rabin awa kafin in fara don ya huce daidai da iskar waje. Hazon hunturu mara kauri ba ya hana ɗaukar wata, sai dai ya rage masa kaifi, ƙurar kuma ta zauna a gilashi. Busa ta za ka yi da ɗan famfon roba. In ka goge da gefen riga, ka karce shi ke nan. Daren da na fi so shi ne na bayan ruwan sama da damina, idan gari ya washe.

Saita kaifin da idonka tukuna, sannan ka maƙala waya. Kashe filasha, ka shiga tsarin Pro na kyamara, ka sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske, a 100, saurin ɗauka wajen 1/125 na daƙiƙa, ka riƙa gyarawa har gefen mai haske ya daina fitowa fari fat. Waya in an bar ta da kanta, duhun sama take aunawa, ta wanke watan. Sa mata jinkirin daƙiƙa 3 don girgizar yatsa ta lafa. Kuma wata ba ya jiran kowa: saboda juyawar duniya, cikin minti 2 yake gusawa da faɗin kansa.

Abin da ya raba hoton da za ka nuna wa mutane da wanda za ka goge shi ne bidiyo. Ɗauki na daƙiƙa 30, ka kai kwamfuta. Manhajoji uku za ka yi aiki da su: PIPP zai daidaita watan a tsakiya, AutoStakkert ya zaɓi hotunan da iska ta natsu a cikinsu ya haɗe su wuri guda, RegiStax ya fito da kaifi. Duk kyauta ne. A RegiStax ka sassauta hannu, in ka matsa sai bakin ramuka ya yi fari kamar an zana.

Me za ka nema? Wajen daren 7 ko 8, kusa da tsakiyar layin inuwa, akwai Albategnius, rami mai faɗin kusan kilomita 130 da tsauni a cikinsa, wanda aka sa wa sunan Al-Battani, masanin taurarin da ya rasu a 929. Kashegari ramuka uku za su fito a jere: Ptolemaeus, Alphonsus da Arzachel, na ƙarshen sunan Al-Zarƙali ne na Andalus. Ɗan Italiya Riccioli ne ya raɗa irin waɗannan sunaye a 1651. Kusa da su akwai Rupes Recta, tsagewar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 110, tana fitowa siririn baƙin layi, kwana ɗaya ko biyu ta ɓace. Daren 9 ko 10 na ramin Copernicus ne, faɗinsa kilomita 93, bangonsa hawa-hawa. Idan taswira ta ƙi daidaita da abin da kake gani, juya ta, madubi yakan kifa hoto.

Yaran unguwa za su taru, kuma dole wani ya ce, "Baba, a nuna mana tutar Amurka." Inda 'yan sama jannatin Amurka na Apollo 11 suka sauka a 1969, shimfiɗar Tranquillitatis, za su gan ta baƙi-baƙi, amma tuta a'a: daga nisan kilomita 384,400, madubi irin nawa ba ya rarrabe abin da bai kai kilomita 3 ba. Da ka gama, rufe madubin ka kai ɗaki. Yaron da ya leƙa rana da shi da safe zai iya rasa idonsa nan take.