Kurakuran da mataimakin shugaba ya fi yi a hukumar agajin yara

Na daɗe ina zaune a teburin da ke bakin ƙofar ofishin shugaba a wata hukumar agajin yara ta duniya, kuma yawancin ɓarnar da na gani a wannan kujera, har da wadda na yi da hannuna, daga rawar ƙafa take fitowa. Mutum yana so a ce yana da himma, sai ya yi saurin da zai ja wa oga jin kunya.

Na farko shi ne cewa "to" ga duk wanda ya nemi ganin oga. Kafin Laraba kalanda ta cika maƙil, babu wurin cin abinci balle na karanta takardar da zai sa wa hannu. Kafin ka ba kowa lokaci, tambaye shi abin da yake so oga ya yanke a zaman. Idan ba shi da amsa, imel ya wadatar. Ka bar rabin awa tsakanin taro da taro, kada kuma ka sa wani abu da jami'an gwamnati bayan ƙarfe 12 na ranar Juma'a, domin kujeru kawai za ka tarar.

Sai agogo. Hedikwatar UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, tana New York, ofishinta na yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yana Dakar, da yawa daga cikin manyan masu ba da tallafi kuma suna Turai. Dakar na bayan Abuja da awa 1 duk shekara, wannan ba ya ba da wahala. New York kuwa tana baya da awa 6 daga Nuwamba zuwa Maris, sauran watannin awa 5. Tarkon yana cikin Maris: Amurka na sauya agogo ranar Lahadi ta biyu, Turai sai Lahadin ƙarshe. A tsakanin nan na taɓa shigar da oga taron intanet ana addu'ar tashi, don na yi lissafi da ka. Tun daga ranar kwamfuta nake bar wa lissafin, in kuma rubuta sunan gari kusa da kowane lokaci.

A harkar tafiya, sabon shiga yakan ɗauka samun kujera a jirgi shi ne ƙarshen magana. Ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya ba ya zuwa Maiduguri sai da izinin sashen tsaro, shi kuma ba a ranar tafiya ake nemansa ba. A Disamba da Janairu hazo kan hana jirage sauka a Kano da Sakkwato, don haka kada ka ɗora muhimmin taro a ranar dawowa.

Wasiƙar fada ma tana da ladabinta. Sarkin Musulmi Mai Alfarma ne, sarki Mai Martaba, gwamna Mai Girma. A kai takardar hannu da hannu, a dawo da kofe mai hatimi, sannan a bi da waya.

Wanda ya fi damuna shi ne hotunan yara. Oga ya dawo daga cibiyar jinyar masu tamowa, wayarsa cike da hotuna, ya ce a zaɓi biyu a sa a rahoto. Kai kuma don sauri ka watsa su duka a zauren WhatsApp na ofis, wani lokacin har da sunan yaron da ƙauyensu. Yaron nan ɗan wani ne, kuma zai girma ya tarar da hoton haƙarƙarinsa yana yawo. Irin waɗannan hukumomi suna da ƙa'idar kare yara da ma'aikaci ke sa wa hannu, kuma ba ta tsame na bakin ƙofa ba. Nemi takardar amincewar iyaye ko mai riƙo kafin hoto ya bar wayar, ka miƙa shi ga sashen yaɗa labarai kaɗai. In babu takardar, ka faɗa wa oga kai tsaye: "Ranka ya daɗe, wannan ba zai shiga ba." Sau biyu na faɗa masa haka. Na farko ya ɓata rai, na biyu shi da kansa ya kira jami'ar da ke cibiyar ya ce ta koma wurin uwar yaron da fom.