Kurakuran Masu Sayen Tsohuwar Mota Don Ajiya

Tun da hotunan tsofaffin Mercedes da Land Cruiser suka fara yawo a Facebook, ana cewa Turawa na rububinsu, samarin wajejenmu na Ringim suka shiga leƙe-leƙen bayan gidaje, ko Allah zai sa a dace da wata da mai ita bai san darajarta ba. Harkar tana da gaskiyarta, sai dai na ga kuɗin mutane da dama sun nutse a ciki.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar tsufa a matsayin daraja. Golf 3 ɗin da ta shekara ashirin tana jigilar fasinja da awaki zuwa kasuwar Gujungu ba ta tsufa ba, ta ƙare ne. Motar da darajarta ke tashi ita ce wadda aka yi ƙaunarta a zamaninta, sannan masu lafiya a cikinsu suka yi ƙaranci. Dubi Peugeot 504. Ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru da dama bayan Turai sun daina. Hakimi ya hau, alƙali ya hau, direban tasha ya ci abinci da ita. Yau fa, nemo min guda ɗaya mai kujerunta da injinta na asali tsakanin Gumel da Haɗejia, ka ga yadda za ka sha yawo. Irin wannan ake nema. Haka Mercedes W123, da ƙanwarta 190 da aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, da Land Cruiser 80 ta 1990 zuwa 1997.

Na biyu, kuma shi ya fi cin mutane: fenti. Dillali ya san ido ke saye. Ni kaina an taɓa yi min. Wata 504 fara sol, tana sheƙi kamar amarya ranar buɗar kai, dillalin yana ta "Alhaji, wallahi ta wani tsohon ma'aikaci ce, masallaci kawai yake zuwa da ita." Damina ɗaya ta yi a hannuna fentin ƙasan ƙofa ya fara kumbura kamar ƙuraje. Da mai gyaran bodi ya sa sukundireba ya ƙwaƙula, sai ga foti, wato abin da ake cike ramin bodi da shi, mai kaurin ɗan yatsa, bayansa kuma tsatsa da rami. Maganin wannan ba ya cin wani kuɗin kirki: ɗauki ɗan maganaɗisu, ka naɗe shi a ƙyalle, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, foti ne. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka leƙa ramin safaya a but, ka kwanta ka haska shasi da fitilar waya. Inji ana gyara shi, kayansa ma ana iya samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Shasin da ya ruɓe kuwa sai 'yan gwangwan. A nan mu 'yan Arewa muna da sa'a, don busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar ta Legas ko Kwatano.

Sai masu "gyara" mota har su kashe ta. A cire injin Peugeot a ɗora na Toyota, a sa manyan tayoyi da fitilu masu walƙiya. Don zuwa gona, wannan dabara ce. Don ajiya kuwa, asara ce, saboda mai sayen irin wannan mota asali yake biya, har lambar inji yake dubawa. In dole ta sa ka canja wani abu, adana tsohon a buhu.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani. Lambar shasi ta dace da ta takarda, a ga shaidar kwastan in 'yar waje ce, in kuma motar gado ce a tabbatar magada duk sun sa hannu. Kada ka yarda da "Yaya ne ya ce in sayar."

Akwai kuma kuskuren lissafi, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Mutum ya sayi mota miliyan ɗaya, bayan shekara uku a taya ta miliyan biyu, ya ce ya ci riba. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Motar ba ta motsa ba, naira ce ta zame. Ka auna da abin da ka sani: buhun gero nawa kuɗinta zai saya ranar da ka biya, nawa kuma yau? Ko shanu nawa a kasuwar Maigatari? Sannan ka cire kuɗin batir, taya da bakanike. Sau da yawa za ka tarar wanda ya yi kiwo ya fi ka. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ma ya rage wa manyan motoci masu zuƙar mai kasuwa a nan gida, don haka kafin ka saya ka tambayi kanka wa zai karɓa a hannunka.

Wanda ya tsallake duk waɗannan, ajiya ke kayar da shi. A faka mota ƙarƙashin darbejiya kusa da rumbu, a lulluɓe da leda, a manta. Ɓeraye su cinye wayoyi, kaji su yi ƙwai a kujera, rana ta fasa dashbod, fetur ya lalace a kabureta. Yi mata rumfa mai inuwa nesa da hatsi, ka cire kan batir, ka kuma riƙa fita da ita duk mako biyu, ba tayarwa kawai a tsaye ba, a'a, tafiya sosai har inji ya ɗau zafi. Tawa ta yanzu, ranar Juma'a nake kai Baba masallaci da ita, mu biya ta gona mu dawo.