Rage suga, ƙara taku: yadda za ka gyara jikinka a hankali

Duk wanda ya ce maka daga gobe ya bar lemo, ya bar kwana da waya, kuma zai fara gudu da asuba, duk a rana ɗaya, to ka jira shi sati mai zuwa, a majalisa za ka same shi da kwalba a hannu. Abu ɗaya ake kamawa a riƙe har ya zama jiki, sannan a ƙara wani.

Ni dai shawarata a fara da shayi, don nan muka fi cutar kanmu ba mu ankara ba. Gobe ka tsaya ka kalli hannun mai shayi: suga cokali uku tuli, ga madara, ga Milo wadda ita ma da nata sugan a ciki, ya ɗaga kofi sama ya sheƙa ya miƙo maka, da rana kuma ka kora shinkafa da lemo mai sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babba zai sha a rana kar ya wuce kamar giram 50, wato cokalin shayi 12, in ka iya rabin haka ma ya fi. To kwalbar lemo ɗaya ta cinye fiye da rabin wannan kason fa. Amma kar ka tashi lokaci guda ka ce a haɗa maka ba suga, wallahi ba za ka iya shanyewa ba. Ce wa mai shayin "Malam, biyu za ka sa min", ka yi sati biyu a haka, sannan ka koma ɗaya. Harshe yana sabawa, wata rana wani zai haɗa maka irin na da ka ji ya gundure ka.

Ke kuma uwargida, naki a tukunya yake. Gishirin da ake so mutum ya ci a rana bai kai giram 5 ba, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi ɗin nan yawancinsa gishiri ne, ga shi a miya, ga shi a yaji, ga shi a kwaɗon zogale. In shida kike jefawa ki koma biyar, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Kar ma ki yi sanarwa, maigida ba zai gane ba, in kika faɗa ne ƙorafi zai tashi.

Sai tafiya. Minti 150 ake so a sati, minti talatin-talatin kwana biyar kenan, kuma ba sai ka sayi kambas ka je filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina ba. In kasuwa za ka ko ofis, ka sauka daga keke napep tun kafin ka isa ka ƙarasa da ƙafa, da ɗan sauri yadda numfashinka zai ɗan tashi amma kana iya magana. A Maris da Afrilu da zafin Katsina ke haura digiri 40, ka bari sai bayan asuba ko in rana ta yi sanyi. Ni na fi son a haɗa ta da ziyara, ka taka daga Ƙofar Ƙaura ko duk inda kake ka je ka gaida gwaggonka, dama zumunci a ƙafa yake, kuma hirar da za ku yi kuna dariya ta fi saƙon WhatsApp sanyaya zuciya nesa ba kusa ba.

Ruwa kuwa ka ɗaura shi da alwala, duk sallah kofi ɗaya ko biyu. In fitsarinka ya yi ja sosai, ruwan bai isa ba.

Wayar dare ita ce mai wahalar bari, kowa ya sani. Babba na buƙatar barcin awa bakwai aƙalla, wanda zai tashi sallar asuba kuwa lissafin ya nuna ƙarfe goma ya kamata ya kwanta, ba sha biyu yana TikTok ba. Ka sa ta caji nesa da katifa, inda sai ka miƙe kafin ka ɗauko ta, lalaci kaɗai zai taimake ka.

Kafin ka fara duk wannan, ka leƙa asibiti ko kemis a gwada maka hawan jini, don yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba. In ana ta samun 140/90 ko sama da haka ka ga likita, kuma wanda aka riga aka ɗora kan maganin hawan jini ko na ciwon suga kar ya ajiye shi wai don ya rage magi.